Amaryar da Ba Ta Son Tashin Safe

Ga kacici-kacici, mai karatu, kuma idan ka kasa sai ka ba ni gari. Wace ce wannan: sabuwa ce dal, ko ledar jikinta ba a gama ɓarewa ba, da rana in ka taɓa ta, kafin ka gyara zama ta miƙe tsaye, amma da sassafe sai ka haɗa shayi ka sha rabi tana kwance ko motsi ba ta yi ba? Kwamfutar tebur ce, kuma ta kawuna ce. Wannan ɓangaren na ba ka kyauta. Abin da nake so ka canka shi ne, me ke kwantar da ita?

Kawu yana da shagon zane da buga takardu a Kano: katin ɗaurin aure, kalanda, fosta, rasit na 'yan kasuwa. Tsohuwar kwamfutarsa ta yi masa shekara tara, har ta kai in ya buɗe babban zane sai ya fita ya yi alwala ya dawo. Ya daɗe yana tari. A ƙarshe ya shiga kasuwa aka haɗa masa sabuwa, kowane sashe daga cikin kwalinsa: ram gigabait 32 samfurin DDR5, katin hoto mai fanka biyu, da akwati mai gilashi a gefe ɗaya, kana hango hanjinta. Amarya yake ce mata. Sati biyu da tarewarta ya kira ni.

"Ɗana, amaryar nan fa ba ta son tashin safe. Yaron shago ya ce sai ta kusa minti uku kafin ta buɗe ido. Tsohuwar da na sallama ma ba ta yi mini haka ba."

Na isa shagon bayan Azahar. Muka gaisa, na kashe ta, na saita agogon wayata, na danna makunni. Sakan 21, ga ta a tsaye tana jiran aiki. Na sake. Sakan 21. Na uku, 20. Kawu ya juya ya dubi yaron, wani ɗan saurayi mai natsuwa da ke buɗe masa shago da ƙarfe bakwai kafin shi ya iso wajen tara.

"Wallahi, Yaya, da safe ba haka take yi ba."

"Ƙyale shi," in ji Kawu. "Kwanan nan hankalinsa ba ya jikinsa. Har kwanan wata yake ɓata mini a rasit, sai na zo na sake bugawa."

Yaron ya sunkuyar da kai. Na ji maganar, na bar ta ta wuce, domin idona yana kan wanda na fara zargi tun a hanya.

Kowace sabuwar kwamfuta tana zuwa da 'yan rakiya, wato manhajojin da ke tashi tare da Windows ba tare da an gayyace su ba. Na danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager ya buɗe, na shiga shafin da ke jero masu tashi da ita. Sha ɗaya na ƙirga. Akwai manhajar tsaro ta gwaji, akwai na firintoci biyu, da ta hira, da ta kiɗa da ba wanda ya taɓa buɗewa. Na dakatar da takwas. Sannan na tuna cewa a shago irin wannan filash ɗin mutane nawa ne ke shiga jikinta a wuni, daga ɗalibi mai aikin makaranta zuwa mai neman a buga masa takardar fili. Na sa aka bincike ta ciki da bai, ko an shafa mata wata cuta. Ta fito fes. Na tafi gida da yaƙinin an gama.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Jiya i yau, ɗana."

To, wa ya rage? Kawu ya riga ni. Tun daren jiya, in ji shi, zuciyarsa ke gaya masa an yi masa sakiyar da ba ruwa: an karɓi kuɗin sabon rumbun ajiya, an saka masa tsoho. Zargin ba na banza ba ne, don ana yi. Tsohon faifai mai juyawa yana zagaye sau 5,400 ko 7,200 a minti, wata 'yar allura tana bin sa tana lalubo bayani kamar a garmaho, kuma da wuya ya wuce megabait 200 a sakan. Shi kuwa sabon rumbu, wato SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. Mai sauƙin kuɗinsa ma yana kai 500, na zamani mai kama da sillen cingam da ake kwantarwa a jikin bod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe da shi, yana yin dubbai. Windows a kan tsohon faifai tana iya cin minti biyu tana miƙa. Na koma Task Manager, na duba shafin da ke nuna kayan cikinta. SSD ne, irin na zamanin, kuma lambarsa ta yi daidai da ta kwalin da Kawu ya adana a ƙarƙashin tebur. Ban da haka, faifan da ke nawa da safe zai yi nawa da rana, don bai san agogo ba.

Har zan rufe shafin sai idona ya faɗa kan wata lamba. Saurin ram: 4,800. Na ɗauko kwalinsa. An rubuta 6,000.

Kawu ya tafa hannu. "Ka gani ko! Biri ya yi kama da mutum."

Na ce masa ya dakata. Sandar ram mai 6,000 takan fara aiki ne a 4,800, sai an shiga saitin bod an ba ta izinin gudu. Wataƙila mai haɗawar ya manta. Kawu ya kira shi nan take, ya sa wayar a fili muna ji. Mutumin ya rantse shi da hannunsa ya saita, har ya gwada ta awa guda kafin ya mayar da ita kwali. Muryarsa ba ta mai ƙarya ba ce. Amma lambar da ke gabana ma ba ta ƙarya. Ɗaya ya ce ya saita, ɗaya ta ce ba a saita ba, kuma na kasa ƙaryata ko ɗaya.

Maƙwabcin Kawu, wani tela dattijo da ke jin mu ta taga, ya kawo tasa. Lokacin hunturu ne, ya ce, kuma tsohuwar motarsa ma ba ta tashi da safe sai an tura. Sanyi ne. A daren nan Kawu ya lulluɓe amarya da bargo bayan an kashe ta. Da safe yaron ya yaye, ya kunna. Ko gezau.

Daga nan na daina bin mutane ɗaya bayan ɗaya, na koma tambayar da ya kamata a fara da ita. Tashin kwamfuta zango biyu ne. A zangon farko Windows tana barci, ba ta ma san an kunna ba. Wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a jikin bod, wadda har yau ake kira BIOS, take farkawa ta yi kiran suna kamar malamin aji: firosesa, ram, katin hoto, rumbun ajiya, duk abin da aka soka a jiki. Sai kowa ya amsa take miƙa wa Windows ragama. Daga nan zango na biyu ya fara, inda za ka ga ɗigo-ɗigon nan suna zagaye a sikirin. A shafin nan na masu tashi da ita, Task Manager yana rubuta tsawon zangon farko a kusurwar sama ta dama. Nata, a tashin rana, ya nuna sakan 11 da 'yan kai.

Na kira yaron gefe, inda Kawu ba ya ji.

"Ƙanena, da safe in tana nawa, me kake gani a sikirin? Ɗigon nan masu juyawa?"

"A'a, Yaya. Ba komai. Baƙi ƙirin, kamar ba a kunna ba. Fanka ce kawai ke ƙara."

Wannan amsar ta wanke Windows da duk 'yan rakiyarta lokaci guda. Duk abin da na yi kwana biyu ina yi, a zango na biyu na yi shi. Ɓarawon yana zango na farko, a cikin duhu, kafin a kunna fitila.

Me ke tsayar da kiran suna? Sau da yawa ɗalibi ɗaya ne ke ƙin amsawa. Firinta mai nauyin baki, ko filash da ya fara lalacewa, yana iya riƙe BIOS tana ta jira. A bayan amarya akwai firinta biyu, da na'urar ɗaukar hoton takarda, da wani filash da ya kwana uku a soke. Da za a tashi daga aiki na sa aka zare su duka, aka bar madannai da linzami da sikirin kawai. Da safe, minti biyu da sakan arba'in.

Saura wuta. Da rana shagon yana kan sola da inbata, ko an ɗauke wutar gari amarya ba ta sani. Amma da dare Kawu ba ya barin ko ƙwan fitila a haɗe. Tun gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a 2016, wadda ta lashe dukiyar wasu abokansa, ya ɗauki al'adar sauke babban makunnin shago kafin ya sa kwaɗo, kuma ban ga laifinsa ba. Na ce to, bari in kwaikwayi dare. Na kashe ta, na zare fuloginta daga bango, na ƙirga goma, na mayar, na kunna.

Sakan 21.

Na soke wuta daga jerin waɗanda ake tuhuma. Na duba jerin. Ba kowa a ciki.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Cutar da ba ta fitowa sai da safe, da safe ake zuwa a same ta. Washegari ina idar da sallar Asuba na hau babur. Hazo ya rufe titi, masu shayi suna hura wuta, sanyi yana ratsa riga. Ƙarfe bakwai saura na tarar da yaron yana kiciniyar buɗe kwaɗo. Na ce masa kada ya canza komai, ya yi yadda yake yi kullum, ni ɗan kallo ne.

Ya ɗaga babban makunni. Ya share tebur. Ya danna.

Na durƙusa a gefen gilashin, agogo a hannu.

Fankoki suka tashi. Sikirin baƙi. A gefen bod, kusa da sandunan ram, akwai wasu 'yan fitilu huɗu a jere, ƙanana kamar ƙwayar gero, kowace da sunanta: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Aikinsu su nuna inda kiran suna ya kai. Da rana sukan gifta ne kamar walƙiya, ba ka ko lura. Ta farko ta kama, ta mutu. Ta biyu ta kama.

Ta tsaya.

Sakan talatin. Tana nan.

Minti ɗaya. Fankoki suka yi tsit. Na ɗauka ta mutu. Suka sake tashi da kansu. Fitilar ta koma inda take.

Minti ɗaya da rabi.

Minti biyu.

Sai ta mutu. Ta uku ta gifta. Sikirin ya yi haske, wani farin rubutu ya bayyana a kan baƙi, layi uku ko huɗu. A daidai lokacin na ga hannun yaron ya miƙa kan madannai, da saurin wanda ya saba.

"Tsaya!"

Na riƙe wuyan hannunsa. Yatsansa yana kan F2, bai kai ga dannawa ba.

Rubutun da Turanci yake. Ma'anarsa ita ce: an share saitin bod, ba a saita kwanan wata da lokaci ba, danna F1 ka shiga ka gyara, ko F2 ka ci gaba da saitin masana'anta.

"Tun yaushe wannan ke fitowa?"

"Kullum da safe, Yaya. In na danna wannan sai ya wuce. Na ɗauka haka sababbi suke yi."

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. An tambaye shi minti nawa take yi, ya faɗa. An tambaye shi me yake gani lokacin jira, ya faɗa. Ba wanda ya tambaye shi me ke zuwa bayan jiran. Na sake masa hannu, ya danna, Windows ta buɗe cikin 'yan sakanni. Na kai idona kusurwar ƙasa ta dama, inda agogo yake. A waje rana tana ƙoƙarin keta hazo. A cikin amarya kuwa ƙarfe sha biyun dare ne da minti uku, ranar 1 ga Janairu, a wata shekara da ta riga ta wuce.

Rasit!

Rasit ɗin shagon yana ɗaukar kwanan wata ne daga agogon kwamfuta. Duk wanda yaron ya buga kafin tara, da wancan tsohon kwanan yake fita. In Kawu ya iso ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, ba a jimawa Windows take tambayo lokaci ta gyara agogonta a ɓoye, shaida ta ɓace. Shi ya sa duk zuwan da na yi da rana agogon daidai yake. Sati biyu ana yi wa yaro faɗa a kan abin da ba hannunsa.

Yanzu dubi yadda zaren ya haɗu. Amarya ba nawa take yi ba. Mantuwa take yi. Kowane dare tana manta ranar da ake ciki, tana manta izinin gudun da mai haɗawa ya ba ram, shi ya sa 6,000 ta koma 4,800, kuma mutumin gaskiya ya faɗa. Sannan tana manta wani abu na uku, wanda shi ne ke cin minti biyun.

Ka taɓa tsayawa ka kalli mata uku suna lugude a turmi ɗaya? Ba sa farawa da sauri. Sai sun ɗan jinkirta, kowace ta gane lokacin da za ta ɗaga taɓarya da lokacin da za ta sauke, sannan dakan ya ɗauki zafi ba tare da taɓare sun haɗu ba. Haka firosesa da ram suke. Tsakaninsu akwai siraran hanyoyi na tagulla masu yawa a jikin bod, kuma tsawonsu bai zo daidai cif ba. DDR5, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2020, sandunansa suna farawa ne daga aika saƙo sau miliyan 4,800 a sakan ɗaya a kan kowace hanya. A irin wannan gudu, ɗan bambancin da ido ba ya gani ya isa ya sa saƙo ya riga ɗan'uwansa ko ya makara. Don haka a tashin farko firosesa takan bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta aika, ta saurara, ta ƙara ƙarfin wuta kaɗan, ta rage, ta matsar da lokaci, har sai lugude ya daidaita. Wani lokaci sai ta kashe kanta ta sake, wanda shi ne shirun da na ji a minti ɗaya. Iya yawan ram, iya tsawon aikin. Lokacin da kamfanin firosesa na AMD ya fito da tsarinsa na AM5 a 2022, kamfanin ASRock mai ƙera bod har takarda ya manna a kan ramukan ram yana gargaɗin masu saye cewa tashin farko zai ci sakan 100 ga mai gigabait 32, har zuwa 400 ga mai 128, don kada su ɗauka ta lalace.

Tashin farko, ka lura. Bayan shi bod yakan adana sakamakon ya riƙa amfani da shi. In taka tana daɗewa a kan fitilar DRAM a kowane tashi, safe da rana, to nemi wani saiti a BIOS da wasu bod ke kira Memory Context Restore, shi ne ke cewa a yi aiki da abin da aka adana. Amma ta Kawu da rana tana tunawa sarai. Da dare ne ake shafe mata allo, kowace safiya ta zama ranar farko.

Wa ke shafewa?

Kwamfutar tebur da ka kashe ba ta mutu duka ba. Muddin fuloginta na bango kuma akwai wuta, akwatin wutar da ke cikinta yana ci gaba da turo wata 'yar wuta mai bolt 5, wadda ke riƙe agogo da kunnen da ke jiran ka danna makunni. In an yanke wutar bango, sai wani ɗan batir ya karɓi gadi. Tsarin riƙe agogo da batir ya tsufa, tun kwamfutar IBM samfurin AT ta 1984 ake tafe da shi. Batirin mai kama da kwabo ne, sunansa CR2032, kuma sunan awonsa ne: faɗi milimita 20, kauri 3.2. Irinsa ne a makullin mota mai rimot da na'urar gwajin suga. Aikinsa ya ciyar da agogon da ke bugawa sau 32,768 a sakan, daidai da na agogon hannu, kuma yakan yi shekaru yana yi. In bod ya farka ya ga alamar agogon ya rasa wuta gaba ɗaya, sai ya ɗauka da gangan aka share shi. Ya koma saitin masana'anta, ya sake lugude daga tushe.

A gidan da ba a ɗauke wuta kuma ba a zare fulogi, wannan ɗan gadi zai iya yin wata da watanni ba ya bakin aiki ba wanda ya sani. A shagon Kawu, kowane dare ana kiran sa.

To me ya sa gwajina na ƙirga goma bai kama shi ba? Saboda kwandansa, 'yar uwar wadda ake canza wa fankar sama. Akwai su a akwatin wuta da jikin bod, suna riƙe ragowar wuta na ɗan lokaci bayan an zare, kamar ruwan da ke saura a tiyo bayan an rufe famfo. Agogo kuwa cinsa kaɗan ne ƙwarai. Daren da na kwaikwaya ya yi gajarta. Na sake shi yadda ya kamata: na kashe, na zare, na danne makunni na ɗan lokaci don ragowar ta tsiyaye, muka fita muka sha shayi. Da muka dawo na mayar, na kunna. Fitilar DRAM ta kama, ta tsaya. Yaron ya dube ni, na dube shi. Karo na farko ke nan da muka kira cutar ta amsa.

Kawu ya iso ya tarar da mu a durƙushe. Kafin in taɓa sikundireba na sa ya kira mai haɗawar, don kada buɗewa ta ɓata garanti. Ya ce mu buɗe, ba komai, in kuma abin ya fi ƙarfinmu mu kawo. Na zare wuta, na cire gilashin, na taɓa ƙarfen akwatin don in sauke wutar jikina. Na duba bod sama da ƙasa. Ba batir. Ashe yana ƙarƙashin katin hoto, a ɓoye. Na kwance katin, na ajiye a kan kwali. Ga shi nan yana ƙyalli, alamar tarawa a sama, zaune a gurbinsa kamar mutumin kirki.

Na danna ɗan ƙarfen da ke riƙe shi, ya fito. Na ɗauko mita. Sabon irinsa yakan nuna bolt 3 da ɗan ɗori. Wanda ya mutu yakan faɗi ƙasa sosai. Na ɗora jan tsinke a sama, baƙi a ƙasa.

3.2.

Na juya shi. Na goge. Na sake.

3.2.

Lafiyarsa ƙalau.

Shagon ya yi tsit. Kawu ya ja numfashi. Tela ya leƙo ta taga. Duk shaidu sun nuna mutum ɗaya, ga shi kuma ya fito da hujjar cewa cike yake da ƙarfi. In ɗan gadi yana da lafiya, yana kuma wurin, me ya hana shi gadi?

Na kunna fitilar wayata na haska gurbin da ya fito.

Gurbin ɗan zobe ne na baƙar roba. A gefensa akwai ƙarfen da ke cafke batir, shi ke taɓa ɓangaren tarawa. A ƙasan kuma akwai wani ɗan harshe na ƙarfe, siriri, wanda ya kamata ya ɗan ɗago kamar harshen tarko, ya tokari cikin batir daga ƙasa. Sai waɗannan biyun sun taɓa wuta ke zagayawa. Na karkata fitilar. Harshen a kwance yake, shafe da roba. Na mayar da batirin, na taɓa shi da ɗan yatsa. Ya yi rawa. Na kawo ido daidai da gefen bod, na hango tsakaninsa da harshen wata 'yar tazara da ba ta fi kaurin takarda ba.

Ka ga ɓarawon, mai karatu. Ba cuta ba, ba ha'inci ba, ba sanyi ba, ba sakacin yaro ba. Tazara ce da ko tsinken sakace ba zai shiga ba, a ƙarƙashin kati, a ƙarƙashin batir, inda ba idon da ke kaiwa. Daga sama komai daidai. A teburin mai haɗawa, inda take soke a wuta tun daga saiti har gwaji, komai daidai. Sai an sauke babban makunni, gari ya yi shiru, agogo ya miƙa hannu yana neman ɗan gadinsa, sai ya tarar yana nan zaune da ƙarfinsa cif, amma hannunsu ba ya kaiwa ga juna.

Na sa bakin ƙaramar sikundireba a ƙarƙashin harshen, na ɗaga shi a hankali, kaɗan ƙwarai, don irin wannan ƙarfe in ka matsa masa karyewa yake. Na mayar da batirin. Wannan karon sai da na danna kafin ya shiga, ya ce ƙyas. Na taɓa shi. Daram. Na mayar da kati da gilashi, na kunna, muka ba ta minti biyunta na ƙarshe. Da rubutun ya fito na danna F1, na saka kwanan wata da lokaci, na mayar wa ram izinin gudunta. Ta sake ɗan lugude a kan sabon saurin, ta buɗe. Task Manager ya nuna 6,000.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Can ya kira mai haɗawar ya nemi afuwarsa a kan zargin da ya yi masa. Sannan ya juya wajen yaron.

"Kai ma ka yafe mini. Na ɗauki alhakinka."

"Ba komai, Baba."

A daren nan aka sauke babban makunni kamar kullum, aka sa kwaɗo. Ban iya jiran kiran waya ba. Ƙarfe bakwai saura ina ƙofar shagon, sai ga Kawu ma ya riga ni, da rawaninsa na sanyi. Yaron ya ɗaga makunni, ya share tebur, ya danna. Na durƙusa a gefen gilashin. Fitila ta farko ta gifta. Ta biyu ta kama, na riƙe numfashi, ta mutu. Ta uku. Ta huɗu. Hannun yaron ya riga ya miƙa kan F2, ya tsaya a iska, ba abin dannawa. Na dubi agogona: sakan 22. Kawu ya ce a buga masa rasit guda ɗaya, ko ba na kowa ba. Firinta ta turo takardar da ɗuminta, ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, ya karanta kwanan watan da ƙarfi har tela ya ji.